Labarin Miriam Makeba, Zabiyar Da Ƙasarta Ta Rufe Wa Ƙofa

Malamai da 'yan'uwana ɗalibai, a wannan fitowa ina so in ba ku tarihin wata mawaƙiya, mutuniyar Afirka ta Kudu, wadda a ke kira Miriam Makeba. Miriam ɗin nan shi ne Maryamu a bakinmu. Ta rasu tun cikin 2008, amma har yanzu a kan ji muryarta a gidajen rediyo, kuma na tabbata waɗansunku sun taɓa taka rawar waƙarta ba su san mai ita ba.

Dalili biyu ya sa na zaɓe ta. Na fari, ta ɗauki waƙoƙin da kakanninta ke yi wajen biki da jinya da reno, ta gama su da kayan kiɗan zamani, ta kai su gaban manyan duniya da harshensu na asali. Na biyu, faɗin gaskiya ya jawo mata zaman baƙunci na shekara 31, ba ta taka ƙasar haihuwarta ba. Mu da mu ke shirin fita koyar da yara masu harsuna dabam dabam, lalle akwai abin da za mu tsinta a cikin labarinta.

ASALINTA DA ƘURUCIYARTA

An haife ta ran 4 ga watan Maris, 1932, a wata unguwar baƙar fata mai suna Prospect, a gefen Johannasbag, birnin da ya kafu a kan haƙar zinariya. Ubanta, Caswell, mutumin kabilar Xhosa ne, uwarta kuwa, Christina, 'yar kabilar Swazi ce. Sunanta na gida Zenzile, ma'anarsa kusa da a ce wa mutum kai ka jawo wa kanka. Ita da kanta ta ba da labari, kakarta ce ta yi ta maimaita kalmar sa'ad da naƙuda ta tsananta, domin an riga an gargaɗi uwar kada ta sake ɗaukar ciki.

Tana da kwana 18 a duniya aka kama uwarta. Laifin da aka ɗora mata shi ne dafa wata giyar gargajiya ta masara da dawa, mai kama da burkutu, tana sayarwa don ta ciyar da gida, alhali dokar Turawa ta hana baƙar fata wannan sana'a. Aka ci ta tara, ba abin biya, aka ɗaure ta wata 6. Jinjiri kuwa ba ya rabuwa da nono, sabo da haka wata shida na farkon zuwan Miriam duniya a kurkuku ta yi su.

Ubanta ya rasu tana da shekara 6. Uwar ta shiga aikatau a gidajen Turawa a Johannasbag, inda ba a yarda 'yar aiki ta zauna da 'ya'yanta ba, sai aka kai Miriam wurin kakarta kusa da Firitoriya, gida cike da jikoki. Gidan talauci ne, amma gidan waƙa ne. Uwar ta zama mai maganin gargajiya, irin waɗanda su ke kira sangoma, masu duba marar lafiya da kiɗa da waƙa da rawa, kusa da abin da muka sani wajen 'yan bori. Daga bakinta Miriam ta ɗauki waƙoƙin tsofaffi. Wanta kuma yana tara fayafayan garmaho na mawaƙan baƙar fatar Amurka, irin su Ella Fitzgerald da Duke Ellington, yana koya mata.

Makarantar da ta yi za ta ba ku sha'awa, don 'yar'uwar tamu ce. Sunanta Kilnerton, ta mishan ɗin Metodis a Firitoriya, akwai sashen ƙananan yara, akwai na horon malamai. Nan ta yi shekara 8, nan ta shiga ƙungiyar mawaƙan makaranta, ta koyi raba murya kashi huɗu irin na coci. Kun ga ke nan rijiya uku ta sha: ta gida, da ta makaranta, da ta garmaho. Duk abin da ta yi daga baya, daga waɗannan ukun ya fito.

Ba ta yi nisa da karatu ba, rashi ya fid da ita, ta shiga reno da wanki a gidajen Turawa. Cikin 1948 jam'iyyar Turawan Buwa ta hau mulki, ta kafa wariyar launin fata ta zama doka. Baƙin mutum ba ya zaman birni sai da takardar fas a aljihu, ba ya jefa ƙuri'a, ba ya shiga ta ƙofar da Bature ke shiga. Cikin 1953 aka yi dokar ilmin baƙar fata, wadda nufinta a koya wa yaro daidai abin da zai isa ya yi wa Bature bara. Ita Kilnerton ɗin ma gwamnati ta rufe ta cikin 1962. A cikin wannan hali Miriam ta yi aure tana da shekara 17, ta haifi 'yarta guda ɗaya tilo, Bongi, cikin 1950. Mijin mai duka ne, auren bai yi ƙarko ba.

SHIGARTA SANA'AR WAƘA

Ta fara da wata ƙaramar ƙungiya mai suna Cuban Brothers, suna waƙa a wurin biki. Wajen 1954 wata babbar ƙungiyar maza, Manhattan Brothers, suka ji muryarta, suka ɗauke ta, ita kaɗai mace a cikinsu. Da su ta zaga ƙasar, har da ƙasashen maƙwabta. Cikin 1956 ta shiga ƙungiyar mata zalla, Skylarks, suna yi wa kamfanin Gallotone fayafayai, sunanta ya bazu duk unguwannin baƙar fata. Sai dai suna ne kawai, ba kuɗi. A zamanin nan mawaƙi baƙar fata ɗan abin da aka miƙa masa ranar ɗaukar waƙa shi ne nasa, ba shi da rabo a cinikin faifai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai wani abu da ya faru cikin 1956 da na ke so ku lura da shi. Suna da wata waƙa da harshen Xhosa, labarin mutum yana yawon neman masoyiyarsa a asibitoci da gidajen kurkuku. Duk baƙin mutumin ƙasar ya san abin da a ke nufi, domin kowa yana da wanda 'yan sanda suka ɗauke. Da aka so sayar da ita a Amurka, aka juya ta da Turanci da sunan Lovely Lies, aka zubar da zancen kurkuku, ta koma waƙar soyayya ta banza wofi. Ta karɓu ƙwarai, ita ce ma faifan Afirka ta Kudu na farko da ya shiga jerin waƙoƙi 100 mafiya kasuwa a Amurka. Muryar tana nan, amma an zare wa waƙar laka. A ganina wannan ya isa ya nuna abin da kan salwanta in aka raba waƙa da harshenta.

Shekarar 1959 ita ce ta juya rayuwarta. Cikin watan Fabrairu aka buɗe wani wasan kwaikwayo na kiɗa da waƙa mai suna King Kong, a babban ɗakin taron jami'ar Witwatersrand, labarin wani ɗan dambe, Ezekiel Dlamini. Todd Matshikiza ne ya tsara kiɗan, 'yan wasan duk baƙar fata ne, Miriam ce babbar mace a ciki. Cikin masu busa akwai wani saurayi, Hugh Masekela, wanda za mu sake gamuwa da shi. A shekarar nan kuma wani Ba'amurke, Lionel Rogosin, ya fid da wani fim mai suna Come Back, Africa, wanda ya ɗauka a asirce don ya nuna wa duniya zaman baƙar fata a Johannasbag. Miriam ta fito a ciki na 'yan mintoci kaɗan, ta yi waƙa biyu. Aka gayyace ta bikin nuna finafinai a Banis ta ƙasar Italiya. Ta fita da nufin ta je ta dawo.

Daga Italiya ta wuce Landan, ta gamu da Harry Belafonte, shahararren mawaƙin nan baƙar fata na Amurka. Shi ya tsaya mata har ta sami izinin shiga Amurka, ya zama mata kamar wa. Kafin shekarar ta ƙare ta bayyana a talabijin cikin shirin Steve Allen, ta kuma fara waƙa a wani gidan kiɗa na Niyu Yok mai suna Village Vanguard. Cikin 1960 faifanta babba na farko ya fito.

YADDA TA GAMA NA DA DA NA YANZU

A nan zan ɗan tsaya, domin shi ne zuciyar maganar. Waƙar gargajiya ta Xhosa da Zulu da Swazi ta fi dogara da murya bisa ga kayan kiɗa. Mai bayarwa ya ɗauko, 'yan amshi su shigo tun bai dire ba, shi kuma ya sake ɗaukowa tun ba su gama ba, muryoyin su yi ta hawan juna kamar saƙar tabarma. Da 'yan mishan suka zo da raba murya kashi huɗu, mutanen ƙasar suka karɓa suka zuba cikin nasu. A barikin ma'aikata aka sami salon da a ke kira mbube, watau zaki, sunan wata waƙa da Solomon Linda ya yi cikin 1939. A gidajen giya na ɓoye aka sami marabi, kiɗan rawa na molon Turawa mai maɓallai, wanda a ke juya gaɓa uku ko huɗu har gari ya waye. A bakin titi yara suna busa sarewar kwano ta kwabo, a na kiran wannan kwela. Bisa duk wannan ga kiɗan jaz na Amurka yana shigowa ta garmaho da silima.

Miriam ba ita ta ƙago ko ɗaya daga cikinsu ba. Kafin ta akwai su Dolly Rathebe, a zamaninta akwai Dorothy Masuka. Gwanintarta ita ce sanin abin da za a riƙe da abin da za a saki. Ta riƙe harshe, ta riƙe karin waƙa, ta riƙe bayarwa da amshi. Abin da ta saki shi ne taron dangi da a ke bukata kafin waƙar ta tashi. A Niyu Yok ba ta da 'yan amshi ashirin, sai ta miƙa amshin ga jita da babban goge mai ƙaton ciki da ganga ɗaya. Waƙar da a ƙauye za a kwana a na yi, ta taƙaita ta zuwa minti uku ko huɗu, daidai cikin faifai. A waɗansu waƙoƙin numfashinta ma ta kan mai da shi kiɗa, tana ja tana saki kamar yadda masu jinya ke yi a gidan uwarta.

Sa'an nan ga maganar harshe. Harshen Xhosa yana da waɗansu baƙaƙe da a ke furta su da ƙarar harshe, kusa da tsaki da ƙwafa a wurinmu. Mu sai ran ɓacin rai mu ke yinsu, su kuwa baƙaƙe ne sosai, a na rubuta su da c da q da x. Akwai wata waƙar biki mai suna Qongqothwane, a kan wani ƙwaro mai ƙwanƙwasa ƙasa, a na yi wa amarya don fatan alheri. Turawa suka kasa faɗin sunan, suka laƙaba mata nasu. Miriam ba ta sassauta ko baƙi ɗaya don ta sauƙaƙa musu ba. Ku da kuka ga yadda baƙo ke fama da ƙ da ɗ da ɓ na Hausa kun san irin wannan. Abin da ta kan yi shi ne, kafin kowace waƙa ta tsaya ta yi ɗan bayani da Turanci cikin taushin murya, ta faɗi daga wace kabila ta fito, da lokacin da a ke yinta, sa'an nan ta ɗauko. Ni dai ban ga bambancin wannan da gabatar da darasi ba.

Ba harshen gida kaɗai ta tsaya ba. Ta yi waƙa da Zulu da Sotho da Turanci da Fotugis da Larabci, ta kuma ɗauki Malaika, waƙar Sawahili ta gabashin Afirka, ta yaɗa ta. Ko a shiga ma haka ta ke. Ta bar gashinta yadda Allah ya yi shi, ba ta miƙar da shi, ta ƙi tallar man bilicin, a zamanin da 'yan mata baƙar fata ke ganin sai sun yi kama da Turawa za su shiga mutane. A nan gida mun ga irin wannan haɗi wajen I. K. Dairo, da ya shigo da akodiyan cikin kiɗan juju na Yarbawa, da Rex Lawson, da ya yi ta waƙa da harshen Kalabari bisa ƙahonin Turawa.

RUFE ƘOFA

Ran 21 ga watan Maris, 1960, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan masu ƙin takardar fas a Sharpeville, suka kashe mutum 69, cikinsu har da danginta. Ba a daɗe ba uwarta ta rasu. Ta tafi ofishin jakadancin ƙasarta don ta koma jana'iza, sai ta tarar an soke fasfonta. Haka aka binne uwar ba ta nan.

Har zuwa wannan lokaci ba ta cika sa baki a siyasa a fili ba, don tsoron abin da za a yi wa 'yan'uwanta a gida. Sunanta kuwa sai gaba ya ke yi. Cikin watan Mayu, 1962, ta yi waƙa a bikin ranar haihuwar Shugaba Kennedy. Cikin Mayu, 1963, Sarkin Habasha Haile Selassie ya gayyace ta Adis Ababa, ta yi waƙa gaban shugabannin da suka taru don kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Cikin Yuli na shekarar nan ta tsaya gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata, ta ba da shaidar abin da ta gani da idonta, ta roƙi duniya ta daina sayar wa gwamnatin ƙasarta makamai, ta daina ciniki da ita. Wannan kwamiti daga baya 'yan Nijeriya sun daɗe suna shugabancinsa, cikinsu akwai Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, da Janar Joseph Garba.

Gaskiya ɗaci gare ta. Gwamnatin Afirka ta Kudu ta haramta fayafayanta, ta kuma cire ta daga 'yan ƙasa. Ta wayi gari ba ta da ƙasa ko ɗaya. Sai waɗansu ƙasashe suka yi ta ba ta fasfo, Aljeriya da Gini da Gana da Beljiyam, har a ƙarshe ta riƙe fasfo tara. A gida kuwa mutane suna sauraronta a ɓoye, an rage muryar garmaho.

Ta auri Hugh Masekela, suka yi ɗan zama suka rabu, amma abota da aiki tare ba su yanke ba har ƙarshen ranta. Cikin 1966 faifan da suka yi da Belafonte ya ci kyautar Grammy, ta zama mawaƙin Afirka na farko da ya same ta. Cikin 1967 aka fid da Pata Pata a Amurka, waƙar rawa ce ta unguwannin Johannasbag da ta sani tun tana gida, ta hau har lamba 12 a jerin masu kasuwa. Abin mamaki, waƙar da ta fi kowace ɗaukaka sunanta ita ce mafi ƙarancin nauyi a cikinsu.

ZAMAN GINI

Cikin 1968 ta auri Stokely Carmichael, ɗaya daga cikin matasan da ke jan baƙar fatar Amurka da zafi wajen neman haƙƙinsu. Nan da nan masu shirya wasanni suka yi ta soke alkawarin da suka yi da ita, kamfanoni suka ja baya. Abinci ya yanke. Suka tattara suka koma Gini bisa gayyatar Shugaba Seku Ture, inda Kwame Nkrumah shi ma ya ke zaman gudun hijira. Ta zauna ƙasar kimanin shekara 15.

Gini a lokacin tana da manufar raya kiɗan gargajiya da kayan zamani, gwamnati ce ke riƙe da ƙungiyoyin makaɗa, tana da kamfanin faifai nata mai suna Syliphone. Wannan ya yi daidai da abin da Miriam ta saba. Ta sami makaɗa 'yan ƙasar, ta koyi waƙa da Malinke da Susu, salon kiɗan Mande ya shiga cikin nata. Daga Konakiri ta yi ta zaga Afirka. Ta yi wasa a bikin al'adu na Aljiyas cikin 1969, da Kinshasa cikin 1974 gabanin damben Muhammad Ali da George Foreman, da bikin FESTAC a Ikko cikin 1977. Gini ta sa ta cikin wakilanta, ta yi jawabi a babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya cikin 1975 da 1976.

Ran 16 ga watan Yuni, 1976, 'yan makarantar Soweto suka fito suna ƙin a tilasta musu karatu da harshen Turawan Buwa, aka harbe su. Masekela ya tsara waƙa a kan wannan, Soweto Blues, Miriam ta ɗauke ta ta zaga duniya da ita. Mu masu shirin riƙe alli, mu tuna wannan jini a kan maganar harshen koyarwa aka zubar da shi.

Tarihi ba ya cika in an ɓoye inda a ke sukar mutum. Seku Ture ya yi mata karimci, amma mulkinsa ya ɗaure ya kuma hallaka mutane masu yawa a sansanin Boiro. Diallo Telli, wanda shi ne shugaban kwamitin nan da ta yi wa jawabi cikin 1963, kuma babban sakatare na farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, a can ya mutu da yunwa cikin 1977. An zarge ta da yin shiru a kan haka. Ni a ganina zargin yana da tushe, ko da ya ke na san baƙon da ba shi da gidan komawa bakinsa a ɗaure ya ke. Ku auna da kanku.

Seku Ture ya rasu cikin 1984. Cikin 1985 Bongi ta rasu a wajen haihuwa, ta bar mata jikoki biyu. Wannan rashi ya girgiza ta ƙwarai, ta bar Gini ta koma Beljiyam da zama. Ita kanta ta sha fama da ciwon daji da haɗarin mota, Allah ya yi da sauran kwana.

KOMAWA GIDA

Cikin 1987 ta shiga yawon wasa na Paul Simon, wanda ya biyo bayan faifansa Graceland, suka yi babban wasa a Harare ta Zimbabuwe. Nan ma an yi gardama, domin Simon ya je Johannasbag ya ɗauki kiɗa alhali an hana mawaƙan duniya hulɗa da ƙasar. Waɗansu suka ce ta karya takunkumin da ita ta roƙa a sa, waɗansu suka ce ai makaɗa baƙar fata aka fito da su duniya ta ji. Cikin 1988 ta fid da faifai mai suna Sangoma don tunawa da uwarta, waƙoƙin da ta koya tun tana ƙarama, kusan murya zalla. Ita ta bayar, ita ta amsa, na'ura ta ɗora muryoyin bisa juna. In za ku saurari faifanta ɗaya kaɗai, wannan na ke ba ku shawara. Ran 11 ga watan Yuni na shekarar nan ta yi waƙa a filin Wembley na Landan, a taron cikar Nelson Mandela shekara 70, yana kurkuku.

Komai nisan dare gari zai waye. Aka saki Mandela ran 11 ga watan Fabrairu, 1990, ya nemi ta dawo. Cikin Yuni ta sauka Johannasbag da fasfon Faransa a hannu, ta tafi kabarin uwarta. Ta fita tana da shekara 27, ta dawo tana da 58. Cikin 1992 ta fito a fim ɗin Sarafina!, labarin 'yan makarantar Soweto. Ta kafa gidan renon 'yan mata marasa galihu. Cikin 1999 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa ta jakadiya, cikin 2002 kuma aka ba ta kyautar Polar a ƙasar Suwidin. Tun da daɗewa jama'a suka raɗa mata Mama Afrika.

Cikin 2005 ta fara yawon ban kwana, amma ba ta iya ƙin kira. Cikin Nuwamba, 2008, aka gayyace ta wani gari, Castel Volturno, kusa da Nafoli ta Italiya, inda baƙi 'yan Afirka ta Yamma ke zaune da yawa. Wata biyu kafin nan 'yan ta'addar Camorra sun harbe 'yan Afirka shida a garin. An shirya wasan ne don goyon bayan wani marubuci, Roberto Saviano, da suka yi alwashin kashewa sabo da ya tona asirinsu. Tana da shekara 76, ga ciwon gaɓoɓi, ta je. Daren 9 ga wata ta gama Pata Pata, tana barin dandali zuciyarta ta buga, aka kai ta asibiti, rai ya yi halinsa.

ABIN DA YA SHAFE MU

A kwalejin nan akwai mai Hausa, akwai mai Tibi, da Yarbanci, da Ibo, da Nufanci, da harsunan da ba su kai a buga musu littafi ba tukuna. Kowannenmu ya zo da waƙar daka ko ta reno ko ta dandali a cikinsa. Sa'ad da na fita gwajin koyarwa na ga wata makaranta inda a ke cin yaro tara in ya yi magana da harshen uwarsa, a lokacin waƙa kuwa sai ta Turanci, wadda yaran ke rerawa ba su san ma'anarta ba. Ban ce a bar Turanci ba, Miriam ma da shi ta yi wa Majalisar Ɗinkin Duniya jawabi. Amma da malaman Kilnerton da 'yan gidansu sun sa ta ji kunyar waƙar uwarta, da ba ta da abin da za ta kai Niyu Yok, domin masu kwaikwayon Ella Fitzgerald sun yi yawa a can.

Shawarata ga ƙungiyar mawaƙanmu da 'yan ajin ƙarshe ita ce, a hutun nan kowa ya zauna da wata tsohuwa a garinsu, ya rubuto waƙa ɗaya da ma'anarta da lokacin da a ke yinta, in da hali ya ɗauko muryar a waya. In mun dawo mu tara su, mu gwada raba musu murya, mu ga wadda za ta shiga aji. Tsofaffin nan ba za su jira mu ba. Allah ya ba mu ikon yi, amin.